"Sabis Ne" Ba Amsar Ɗan Poly Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama mana maganin kowace cuta a makarantar nan: "sabis ne". Waya ta ƙi tura saƙo, sabis ne. Shafin rajista ya ƙi buɗewa, sabis ne. Mutum ya zauna sabunta manhajojin kwamfutarsa, abu ya kai rabi ya tsaya ya watso masa rubutu, nan ma sabis ne, sai a rufe kwamfuta a ce bari tsakar dare ya yi. Ban ga laifin mai shago ko ɗan Keke Napep in ya faɗi haka ba, don ba sana'arsa ba ce. Amma ɗalibin da ke karanta kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin lantarki, wanda gobe za a biya shi kuɗi ya gyara wa wata ma'aikata netwok, wallahi bai kamata bincikensa ya ƙare a nan ba.

Matsalar da nake nufi ita ce mai zuwa tana tafiya. Ka buga sudo apt update a Ubuntu ko Kali, ya ƙi. Ka sake bugawa, ya wuce. Na kusa da kai, a kan Wi-Fi ɗaya, ya buga pip install nasa ya sauka lafiya, naka ya maƙale. 'Yan sashen lantarki sun san 'yar uwarta, wato fashal kontak. Wayar da ta tsinke gaba ɗaya sauƙin ganowa gare ta. Wadda ke haɗuwa tana rabuwa ita ce ke sa wa mai gyara furfura. Duk da haka ban taɓa ganin mai gyaran wuta na ƙwarai ya ce "ai wuta ce" ya tattara kayansa ba. Testa yake ɗauka ya bi layi har ya kai inda abin yake.

Mu ma muna da layin da za mu bi. Idan ka ba da umarnin sabuntawa, kwamfutarka tana fara tambayar DNS lambar adireshin rumbun manhajojin, don ita lamba ta sani, suna namu ne mu 'yan adam. Daga nan saƙon ya bi ta Wi-Fi ɗin makaranta ko hotsifot ɗin wayarka, ya ratsa kamfanin sadarwa, galibi ya bi wayoyin ƙarƙashin teku zuwa wata ƙasa. Sai ta sauko da jerin manhajojin da ke akwai, ta duba sa hannun masu rumbun, ta sauke kowane ƙunshi, ta gwada shi da lambar tantancewarsa. Kowane mataki yana iya kakarewa, kuma kowanne da irin kukansa. Ga wani abu da da yawanmu ba mu lura da shi ba: suna ɗaya kamar archive.ubuntu.com yana da kwamfutoci da yawa a bayansa. Bugun farko zai iya kai ka ga wata, na biyu ga wata daban. In ɗaya ce ke da matsala, to ka ga dalilin da ya sa abu ke ƙi yanzu ya yarda bayan minti biyu. Babu aljani a ciki.

Don haka aikin farko shi ne karanta abin da kwamfutar ta rubuta. Abin mamaki, mutum zai haddace shafi goma don jarrabawa, amma layi biyu na kuskure sai ya share su ko kallo bai yi ba.

In ta ce "Temporary failure resolving", ba ta ma kai ga rumbun ba, sunan ne ta kasa mayarwa lamba. Gwajin minti ɗaya ne: ka yi ping zuwa 8.8.8.8, sannan ka yi zuwa sunan rumbun. In lamba ta amsa suna ya ƙi, intanet na nan, DNS ne ke barci. Canza shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare yakan kawo ƙarshen zancen.

In ta ce "Connection timed out", dubi adireshin da ta rubuta a gefe. In dogo ne mai haruffa da ɗigo biyu-biyu, IPv6 take ƙoƙarin bi, kuma akwai netwok da yawa da ke raba wannan adireshin alhali hanyar ba ta ɓulle ba. Ƙara -o Acquire::ForceIPv4=true a kan umarnin ka gani. In kuma kullum lamba ɗaya ce ke ƙi, waccan kwamfutar ce ba ta da lafiya, sai ka koma wani reshen rumbun. Shi kuwa pip, daƙiƙa 15 kawai yake jira kafin ya haƙura, don haka a kan layi mai rarrafe --timeout 60 yana taimakawa sosai.

In ka ga kalmar "NOSPLIT" tare da tambayar ko netwok ɗin na buƙatar shiga da suna, to shafin shiga Wi-Fi ne ya tsaya a tsakani. Lokacinka ya ƙare ba ka sani ba, kwamfuta ta nemi jerin manhajoji aka miƙo mata shafin da ke neman lambar rajistarka. Buɗe burauza ka sake shiga, shi ke nan.

In ta ce "Hash Sum mismatch", abin da ya iso ba shi aka turo ba. Ko ya lalace a hanya, ko wata na'ura a tsakani ta ba ka tsohon kwafi, ko ka dace da lokacin da reshen rumbun ke tsakiyar kwafo sabbin kaya. Share abin da ke cikin /var/lib/apt/lists, ka buga apt clean, ka sake. In ya nace, ba shi awa ɗaya ko ka canza reshe.

Akwai wadda ta fi kama mu masu kwamfutoci na hannu: "Release file is not valid yet", ko ƙorafin cewa takardar shaidar shafi ba ta inganta ba. Dubi agogon kwamfutarka. A cikinta akwai wani ɗan batir, galibi CR2032, mai riƙe lokaci in an kashe ta. In ya mutu, sai ta tashi a wata shekara da ta wuce, ta ga kamar fayilolin daga gobe suka zo. Agogo ya daidaita abu ya yi, ka kashe ka kunna ya sake ƙi. Batirin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma an yi wata guda ana zagin kamfanin waya.

Sai "404 Not Found", wanda yawanci ko jerinka ya tsufa ka manta da apt update, ko kuma sigar Ubuntu ɗinka ta ƙare aiki. Sigogin da ba LTS ba wata 9 kawai ake kula da su, LTS kuwa shekara 5. Wannan ko a bakin eriyar kamfani ka zauna ba zai sauka ba.

Dokar duk wannan bincike guda ce: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza DNS, ka canza Wi-Fi, ka kashe ka kunna duk a tare, abu ya yi, me ya gyara shi? Ba ka sani ba, gobe ma haka za ka lalube. Ka ajiye ɗan littafi kamar logbuk ɗin SIWES: ƙarfe nawa, wane netwok, me ta ce, wane adireshi. Cikin kwana uku za ka ga abin da kake kira "haka kawai" yana da tsari. Wataƙila sai da yamma yake zuwa in hostel ya cika, wataƙila sai an tashi janareta na'urar Wi-Fi ta sake kunnuwa.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, in ya ƙi a bar shi mana. To nan ne abin ya daina zama wasa, domin gajiya da wannan matsalar tana kai mu ga ɗayan hanyoyi biyu, kuma duka ramuka ne.

Ta farko, a daina sabuntawa kwata-kwata. Na san kwamfutoci a hostel da rabonsu da sabuntawa tun ranar da aka saye su, kuma a cikinsu furojet yake, da hotunan takardun makaranta, da kalmomin sirrin banki. Mu tuna da WannaCry. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. A watan Mayu, wata biyu bayan nan, wannan mugunyar manhaja ta bi ta kafar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, aka riƙa soke ganin likita. Maganin yana nan tun tuni, waɗanda ba su ɗauka ba su suka sha wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ta fi yawo tsakanin masu ganin sun iya. Wani ya tura maka umarni a guruf ya ce "saka wannan, zai wuce": --allow-unauthenticated ko trusted=yes a apt, --trusted-host a pip, kashe strict-ssl a npm. Eh, zai wuce kam. Amma abin da ka yi shi ne ka sallami mai gadi don ya cika tambaya. Binciken nan da ke ba ka haushi shi ne kaɗai ke tabbatar da cewa abin da ka sauke daga hannun masu shi ya fito, kuma ƙunshin apt da cikakken ikon kwamfutarka yake shiga. A kan Wi-Fi da ɗaruruwan mutane ke amfani da shi, har da masu gwada abin da suka koya a darasin tsaron intanet, ka buɗe wannan ƙofar? An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na yarda, wani lokacin sabis ɗin ne da gaske. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya da maƙwabtanta, bankuna ma sai da suka ji a jikinsu. Ranar babu umarnin da zai cece ka. Amma wanda ya yi gwajin da na lissafa shi zai iya cewa da hujja matsalar ta fi ƙarfinsa, ya adana datarsa ya jira. Na kuma yarda data ta yi tsada, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wannan ma dalili ne na yin bincike. Mai bugawa sau goma a makance shi ke ƙona data.

Sai dai ba zan ɗora wa ɗalibai laifin duka ba, akwai abin da ya rataya a kan makaranta. A ce aji mai ɗalibai 60, kowa zai sauke manhajoji na 500MB don darasi ɗaya. Wannan 30GB ke nan na abu iri ɗaya, yana bi ta layi ɗaya a awa ɗaya. Ina mamakin in ya kakare? Akwai manhaja kyauta mai suna apt-cacher-ng da aka yi don wannan. Ana ɗora ta a kan kwamfuta guda a cikin makaranta. Na farkon da ya nemi ƙunshi sai ta sauko masa daga waje ta ajiye kwafi, sauran 59 su ɗauka daga cikin gida. Kuma kowace kwamfuta tana ci gaba da duba sa hannu da kanta, ba a taɓa tsaro ba. Masu Python suna da devpi, masu npm suna da Verdaccio, shi kansa Windows yana da tsarin raba sabuntawa tsakanin kwamfutocin da ke netwok ɗaya. Abin da ake buƙata tsohuwar kwamfutar tebur ce, da faifan ajiya mai girma, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Yanzu da NBTE ta raba HND ɗin kimiyyar kwamfuta zuwa fannoni, har da na netwok da na tsaron intanet, ina furojet ɗin da ya fi wannan ma'ana? Maimakon a sake rubuta wata manhajar kula da ɗakin karatu ta je ta kwanta a kanta ƙura ta rufe ta, a ba wasu ɗalibai huɗu ko biyar su kafa wannan, su miƙa wa 'yan bayansu. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su kai wa sashen ICT wannan buƙata a rubuce, tare da roƙon a riƙa sanar da mu in za a yi aiki a kan netwok, a kuma ware inda za mu kai rahoto. Mu kuma in za mu kai, mu kai irin na masu sana'a. Duk injiniyan da aka ce masa "Wi-Fi ba ya yi" babu abin da zai iya yi. Wanda aka ce masa "daga ƙarfe huɗu zuwa shida, a ɗakin kwamfuta na biyu, lamba na amsawa suna ba ya amsawa", an yi masa rabin aiki.

A ƙarshen watan Maris ɗin 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH ya ƙara masa jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa, jama'a. Ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, kafin gurɓatacciyar sigar ta isa yawancin kwamfutocin duniya. Mu da abu ke tsaya mana cak har ya rubuto mana dalilinsa ɓaro-ɓaro, ba mu da uzurin ƙin karantawa. Takardar ND ko HND za ta kai ka ƙofar ma'aikata, amma ranar da netwok ɗinsu ya fara zuwa yana tafiya, oga zai juyo ya kalle ka. Ka fara shirya amsarka tun daga hostel, don ba a fafe gora ranar tafiya.