Wasiƙa ga Samari Masu Haɗa Bidiyon Talla a Kantin Kwari



Na yaba da ƙwazonku. Yau ɗan kasuwa yana zaune a shagonsa a Kwari, mai saye a Maraɗi ko Agadas ta ga leshinsa a waya ta aiko kuɗi, kuma aikin hannunku ne. Allah ya yi albarka. To, yanzu ku gyara zama.

Abin da ya dame ni shi ne ba ku ƙidaya firem. Ana warware shadda a bidiyonku tana ƙyafta-ƙyafta, Alhaji ya rufe baki muryarsa na ci gaba da faɗin farashi. Idan aka yi magana sai ku ce laifin intanet ne. Wane intanet? Lissafi ne kuka ƙi yi.

Bidiyo hotuna ne a jere, kowane hoto firem ɗaya ne. Ku ninka sakan da adadin firem na sakan ɗaya, ku sami jimilla; ku raba jimillar da adadin, ku sami tsawon lokaci. Minti ɗaya a kan 25 firem 1,500 ne, a kan 30 kuma 1,800. Wayarku ta ɗauka a kan 30, kyamarar abokinku a kan 25, ku zuba su wuri ɗaya a CapCut ko Premiere ba tare da duba saiti ba. In saitin na kan 25, manhaja sai ta jefar da firem ɗaya cikin kowane shida na wayar, motsi ya riƙa tsalle. In kuwa kun tilasta duk 1,800 ɗin su tafi a kan 25, minti ɗayanku ya koma sakan 72, muryar da kuka naɗa daban ta ƙare saura sakan 12. Wanene a cikinku zai yarda a auna masa yadi a karɓi kuɗin mita?

Wannan 25 ɗin ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Lantarkinmu yana juyawa sau 50 a sakan, talabijin ɗinmu kuma tsarin PAL ne. Amurka mai 60 ita ke da 30, wadda ta koma 29.97 tun 1953 da suka shigo da talabijin mai launi. Juyin 50 na lantarkinmu ne ya sa fitilun shago ke zana ratsi-ratsi a jikin farar shadda idan kun ɗauka a kan 30 ko 60. Ku shiga saitin waya ku nemi 25. Idan kuna son rage gudu, ku ɗauka a kan 50, rabi ya fita cif.

Magabata ba su yi wasa da wannan ba. Lokacin da Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, fim na silima ne mai 24 a sakan, ana yanka shi da hannu, kowane firem kuɗi ne. Ma'aikatan NTA da CTV sun san fim mai minti 100 yakan koma 96 idan aka haska shi a kan 25, kuma da wannan lissafin suke tsara lokacin shiri. Ko waɗanda suka yi Turmin Danya a 1990 ba su da rabin kayan da ke aljihunku. Ku da na'ura ke yi wa komai, duba lamba ɗaya ya gagare ku? Wannan ba ƙarancin kayan aiki ba ne, ganganci ne.

Ku yi haƙuri, zafin sana'a ne ya ɗauke ni. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kafin a kunna kyamara, ku zauna ku tsayar da lamba ɗaya, mai waya da mai kyamara da mai naɗar murya duk su bi ta. Wanda aka kawo wa hoto daga waje ya fara duba adadinsa kafin ya taɓa shi. In mai kaya ya ce sakan 30 yake so, ku ba shi firem 750 a kan 25, ba ƙari ba ragi.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Wani tsohon mai haɗa hoto, Fagge, Kano