Ba yaron ne dakiki ba, saksofon ɗin ne ruɓaɓɓe

Ranar Lahadi bayan sujada, wata uwa ta kawo mini ɗanta a nan Kafanchan tana kuka da shi: wata huɗu yana koyon saksofon, har yau ƙarar agwagwa yake yi. Na karɓa na busa. Ni da na yi shekaru ina busa a coci da gidajen biki, ƙananan muryoyin sun ƙi fitowa. Na kunna fitilar waya na zura cikin bututun, sai ga haske yana yoyo ta ƙarƙashin fatu uku da ya kamata su toshe ramuka. Iska na zurarewa, yaro na shan zagi.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Kwamitin coci zai tara baiko na watanni, a tura mutum Kaduna ko Alaba a Legas, wanda bai taɓa sa saksofon a baki ba, ya dawo da mai ƙyalli kamar zinariya, kyan ɗan maciji. Mai shago ya rantse masa cewa kayan Turai ne. Hunturu na farko fatun su bushe, maɓallan su lanƙwashe, a jefa shi cikin sito. Yaron kuwa ya tafi da tabon cewa ba shi da baiwa. Wannan zalunci ne!

Tun da Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi rajistar wannan abin busa a Faransa a 1846, lafiyarsa tana ga fatun nan, ba ga fenti ba. Mai koyo nau'in alto ya kamata ya fara da shi, domin tena ya yi wa ƙaramin hannu nauyi, sofrano kuma wuyar saiti gare shi. Tsohon Yamaha na hannu, mai tsatsa amma ba ya yoyo, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba sau goma. Ɗan karan da ake ɗaurawa a bakin saksofon kuma a sayi mai laushi, lamba 2, a daina ɗaure wa yaro mai tauri.

Daga Kagoro zuwa Zonkwa da Kwoi muna da tsofaffin mabusa da suka tashi a Boys' Brigade. Dattawan coci da iyaye, kafin ku ba da ko naira ɗaya, ku biya wa ɗayansu kuɗin mota ya je ya busa saksofon ɗin a gabanku.