Tsohuwa Ta Danna Ƙararrawa, Wa Zai Zo?

A watan Afrilun 2024 gwamnatin Amurka ta gindaya wa gidajen kula da tsofaffi sharaɗi: kowane tsoho ya samu kulawar awa 3.48 a kullum, kuma kada a rasa ƙwararren ma'aikacin jinya a gidan dare da rana. Masu gidajen suka garzaya kotu suna kukan tsada da ƙarancin ma'aikata. Bayan shekara guda, wani alƙalin tarayya a jihar Texas ya soke sharaɗin.

A ganinmu an tafka kuskure. Tsohuwar da ba ta iya riƙe fitsari, idan ta danna ƙararrawa, 'yan mintoci gare ta kafin abin ya kufce. In ma'aikaciya ɗaya ce ke zagaya ɗakuna barkatai, ina za ta iso a kan kari? Sai fitsari ya jiƙa fata, fata ta saɓule, gyambon kwanciya ya buɗe, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Wata ta gaji da jira ta yunƙura ita kaɗai, ta faɗi ta karye a ƙugu. Wata kuwa ta rage shan ruwa don gudun kunya, kuma wannan ya fi komai sosa mana rai.

Tun 1987 dokar Amurka ta tanadi kiyaye mutuncin mazauna gidajen nan. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, amma maganinsa albashi mai kyau ga waɗanda ke yi wa tsoho wanka, su sauya masa ƙunzugu, su juya shi a gado duk bayan awa biyu.