Yadda ƙanƙantar fuskar waya ta tilasta wa masu ƙera manhaja rage surutu

Duk ɗan kasuwar da ya ɗanɗani ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san manhajar da ta fisshe shi, da wadda ta bar shi tsaye gaban mai saye. Ƙarfin sabis yana da nasa rabon, amma akwai dalilin da ba a cika ambata ba. Manhajoji irin su OPay da PalmPay tun farko don waya aka gina su, alhali hidimar intanet ta bankuna da dama a kwamfuta ta soma, daga baya aka cusa ta cikin waya.

A faffaɗar fuskar kwamfuta kowane sashe na kamfani yana samun gurbin liƙa tallarsa da sanarwarsa. A waya kuwa babu wannan fili. Dole mai tsarawa ya zaɓi abu biyu ko uku da suka kawo mutum: duba ragowar kuɗi, turawa, sayen kati. Sauran sai su koma baya. Wannan ce hujjar Luke Wroblewski a littafinsa Mobile First na 2011, inda ya ba da shawarar a fara tsara wa waya kafin kwamfuta. A 2016 ma Google ya sanar cewa zai riƙa auna shafuka da yadda suke a waya.

Mu a nan mun riga mun ga hakan a lambobin USSD na bankuna. Saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 182, shi ya sa mai ƙaramar waya a kasuwar Kwari yake tura kuɗi ba tare da an koya masa ba.

Shafukan ma'aikatun gwamnati da dama ne suka rage a baya. Ma'aikacin da aka ce ya sabunta bayanansa yakan tarar fom ɗin ya fi ƙarfin wayarsa, maɓallin aikawa ya ɓace a gefe. Ƙarshenta shagon kafe zai nufa, ya biya kuɗi, ya kuma miƙa lambar BVN ɗinsa ga baƙo.

Sai dai ƙarancin fili ya zama mafaka ga wasu manhajojin ba da bashi, masu tura kuɗin ruwa da sharuɗɗa can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kamata ya yi Babban Bankin Najeriya da hukumar kare haƙƙin masu saye su wajabta nuna jimillar abin da za a biya a fuska ɗaya da maɓallin amincewa.