Gurbin Kyuba Na Ɗan Talaka Ne, To Ina Ɗan Affala?

A shekarar 1998 guguwa biyu, Georges da Mitch, suka ragargaza ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran yankin. Likitocin Kyuba da suka je agaji sun tarar da ƙauyukan da tun kafuwarsu ba su taɓa ganin likita ba. Shekara na zagayowa, a 1999, gwamnatin Fidel Castro ta buɗe makarantar koyon likitanci a bakin teku, yamma da birnin Habana, a harabar da sojojin ruwa ke karatu a da. ELAM ake kiranta. Babu kuɗin makaranta, babu na ɗaki, ga abinci, ga littattafai. Abin da aka nema a wurin ɗalibi shi ne ya fito daga cikin talakawa, in ya gama shekara shida ɗinsa ya koma cikinsu. Daga baya aka buɗe wa Afirka ƙofa, 'yan Nijar ma sun karanta likitanci a Kyuba sun dawo.

Wannan sharaɗi kamar da Affala aka auna shi. To je ka Affala, ko Barmu, ko Takanamat, a yankin Adar na jihar Tawa, ka tare yaron da ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, bana ka tambaye shi yadda ake neman gurbin karatu a Kyuba. Zai dube ka shiru. Sannan ka tambaye shi hanyar Libiya. Nan zai gyara zama, ya lissafa maka Agadas da Dirku, ya faɗa maka kuɗin mota, da wanda za ka sauka wurinsa. Adijame ta Abijan kuwa ya san lungunanta tun bai taka ta ba, don can babansa ya ci rani, can wansa yake. Wasu ma sun san sunan Nador da Melilla, inda ranar 24 ga Yuni 2022 aƙalla baƙin haure 23 suka mutu a jikin shingen shiga ƙasar Sifaniya. Hanyar da ake mutuwa a kanta tana da masu talla a kowace tasha da kowace waya. Hanyar da ake komowa da takardar likita ba ta da ko mai shela guda. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai.

Kada a ce mini ai ana sanarwa. Ana yi, da Faransanci, a jikin bangon wani ofis a Yamai ko a shafin intanet, da wa'adin da ya dace da wanda gidansu ke bayan ofishin. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500. Kafin labari ya iso arewacin Adar, kafin yaro ya haɗa takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da ta kotu da ta asibiti da fasfo, kafin uba ya sayar da akuya ya haɗa kuɗin mota, an rufe. Ba sai an yi cuwa-cuwa ba kafin a zalunci ɗan ƙauye. Nisa da wa'adi sun isa su yi aikin, hannun kowa kuma fes.

Akwai masu cewa harshen ne matsala, wai ina ɗan ƙauye ina Sifaniyanci. Wannan magana raini ce tsagwaronta. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, yana ciniki da Buzaye da Fulani, ya yi Larabci a makarantar allo, ya shiga lakwal aka jibga masa Faransanci ba tare da an tambaye shi ba, har ya ci bak da shi, shi ne za a tsorata da harshe? Sifaniyanci da Faransanci 'yan ɗaki ɗaya ne, daga Latin suka fito, kuma a Kyuba sai an koya wa baƙo harshen kafin ya fara karatun likitan. In akwai wanda ya saba da karatu cikin harshen da ba nasa ba, to ɗan Adar ne.

Ban ce Kyuba aljanna ce ba. Tun 1962 take ƙarƙashin takunkumin Amurka, kuma 'yan shekarun nan abin ya yi tsanani: abinci sai layi, magani ya yi wuya, a watan Oktoba 2024 wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya. Ɗalibin da ke can, in kuɗin bursu ya yi jinkiri, babu kawu a unguwa ta gaba, babu ɗan garinsu mai shago da zai ba shi bashi, kuma aika masa kuɗi daga gida ma wahala ce saboda takunkumin. A 2019 ɗaliban likitanci 'yan Kongo Brazabil sun yi bore a Habana saboda gwamnatinsu ta riƙe masu kuɗin fiye da shekara biyu, har 'yan sanda suka shiga tsakani. Duk hukumar da ta ɗora yaro a jirgi ta tsallakar da shi teku, sannan ta bar takardar kuɗinsa tana barci a kan tebur, ta san abin da take yi. Ɗan mai kuɗi zai jure, uwarsa za ta sami hanya. Ɗan manomi ne zai yi ta karatun jikin ɗan Adam da yunwa a cikinsa.

Sai kuma komowa, inda abin ya fi ciwo. Maƙwabtanmu sun riga sun nuna mana yadda ake ɓarnar. A 1986 Thomas Sankara ya tura yara 600 daga Burkina Faso zuwa Kyuba, yawancinsu marayu da 'ya'yan talakawan ƙauye, don su koyo sana'a su dawo su gina ƙasa. Ranar 15 ga Oktoba 1987 aka kashe shi. Da yaran suka dawo, aka dube su da ido na zargi, aka ƙi ba takardunsu darajar da ta kamata, da yawa suka shafe shekaru suna yawon neman aiki. Mu ba mu da ma hujjar siyasa irin tasu, sakaci ne kawai. Likita ya dawo, sai zaryar tantance takarda, sai hidimar ƙasa, sai jiran ranar da za a ɗauki ma'aikata. In ya gaji ya shiga asibitin kuɗi a Yamai, ko ya bi wata ƙungiyar agaji, ko ya sake tsallakawa waje, wa zai ga laifinsa?

Alhali irin likitancin da ake koyarwa a Kyuba shi ne ainihin wanda muke nema. Tun 1984 suka kafa tsarin likitan iyali: likita da ma'aikaciyar jinya suna zaune a cikin unguwa, sun san kowane gida, suna bin mai ciki da jariri da tsoho tun ciwo bai kwantar da su ba. Abin da ke kashe mu a nan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Zazzaɓin cizon sauro ne in damina ta sauka, tamowa ce in rumbu ya ƙare, ƙyanda ce, sanƙarau ne lokacin zafi, da naƙudar da ta gardama cikin dare, a ɗora mace a amalanke zuwa ɗakin shan magani, daga can a ce sai Tawa. Tun 2006 gwamnati ta ce aikin fiɗar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Madalla. Amma kyautar tana buƙatar hannun da zai yi ta, kuma hannun yana Yamai yana jiran sa hannun wani.

Mu ma Adarawa ba mu fita ba. Ranka ya daɗe Alhaji, kai da ka yi arziki a Abijan ko Kwatano, ka dawo ka gina bene a Tawa, ka kai mutum goma Makka, Allah ya karɓa. Amma kuɗin fasfo da na mota na yaro guda mai ƙwaƙwalwa bai kai abin da ake kashewa a yinin biki ɗaya ba. Masu riƙe da ƙaramar hukuma kuma, wane aiki ya fi ƙarfinku da ba za ku iya sa mutum guda ya riƙa bin sanarwar guraben karatu, ya kai ta makarantun sakandare, ya sa a karanta ta da Hausa a gidan rediyo ba? Sanarwar siyasa tana isa kowace rugga cikin yini guda, na gani da idona.

Abin da nake nema bai da yawa. A ware wa kowace jiha kasonta na guraben, a karɓi takardu a Tawa. Kafin yaro ya hau jirgi a sa hannu da shi: mu za mu biya ka a kan kari, mu ɗauke ka aiki ranar da ka sauka, kai kuma za ka yi shekaru kaza a gundumar da ka fito. Sannan a buga jerin duk waɗanda aka tura Kyuba da sunan Nijar tun rukunin farko, a nuna garin da kowa ya fito da inda yake aiki yau. Takardar tana cikin durowar wani ofis a Yamai. A fito da ita mu ƙirga 'yan Adar da ke ciki.