Kada A Kashe Magana Da Raɗa Mata Suna

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a shafinmu na Hausa in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana kwaleji ta zauna daram, har muna ɗaukarta alamar wayewa. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar wani ya kawo zancen da a ke zargin Gwamnati, ko wani babban kamfani, ko wata ƙasar waje da ɓoye wani abu, sai wani ya taɓe baki ya jefa masa wata kalmar Turanci wadda ma'anarta ita ce zaton makirci, watau mutum ya zauna ya ƙaga wa kansa cewa waɗansu sun ƙulla asiri a ɗaki. In da Hausa a ke hirar sai a ce zancen teburin mai shayi ne, ko labarin ƙanzon kurege. Daga nan sai a bushe da dariya, mai magana ya ja bakinsa ya yi shiru, a kama wata hira. Ba wanda ya tambaye shi inda ya ji, ba wanda ya nuna masa inda ya kuskure. An dai raɗa wa maganarsa suna, an binne ta da ranta.

Mu da za a ba mu alli gobe a tura mu Mayo Belwa, ko Song, ko Fufore, ya kamata mu tsaya mu duba wannan abu da kyau. Gama a ƙauye malamin makaranta shi a kan kawo wa takarda ya karanta, shi kuma a kan tambaya ko maganin nan da a ke bi gida gida da shi lafiya ne. Irin amsar da ya bayar tana iya zama dalilin da za a kai yaro a yi masa rigakafi, tana kuma iya zama dalilin da za a ɓoye shi a rumbu.

Bari in kai ku Kano. A cikin shekarar 1996 aka yi annobar sanƙarau wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari su ke kira Asibitin Zana, ya cika maƙil, har a ƙasa a ke kwantar da yara. Ana cikin haka sai kamfanin magunguna na Pfizer ya aiko da likitocinsa daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an yarda a sayar da shi a can ƙasarsu ba. Suka zaɓi yara wajen 200, suka ba kamar rabinsu sabon maganin, sauran rabin suka yi musu allurar wani sanannen magani, amma sau da yawa ƙasa da ƙimar da aka saba bayarwa. Yara 11 suka mutu, 5 daga cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni likitocin suka tattara kayansu suka koma gida, annoba kuwa tana nan tana ci.

To, a ce a cikin 1997 wata tsohuwa ta tsaya a bakin kasuwa ta ce Turawa sun gwada magani a jikin jikanta ba tare da an gaya mata gwaji ne ba. Me ɗan boko irinmu zai ce mata? Kun san abin da zai ce. Ga shi kuwa ba ta da takarda, ba ta jin Turanci, ba ta ma san sunan maganin ba. Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga labarin, sa'an nan masu takalmi da wuyan riga suka fara yarda akwai magana. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Rahoton nan ya kwanta a aljihun tebur shekara 5, jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai da jaridar nan ta same shi a 2006. Har takardar iznin da aka nuna, wadda aka ce kwamitin asibiti ne ya bayar kafin gwaji, ta tabbata daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata.

Adalci ya sa in faɗi cewa kamfanin bai taɓa amsa laifi ba. Ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma an nemi yardar iyaye da baki ta hanyar ma'aikatan jiyya. Sanƙarau kuwa lalle yana kisa, yana kurumtarwa. Amma Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, a 2011 aka fara biyan waɗansu iyalai bayan an yi musu gwaji don tabbatar da dangantaka. Shekara 15 ke nan tsakanin mutuwar yaro da biyan diyyarsa. Shi kansa Trovan, a 1999 aka taƙaita amfani da shi ƙwarai a Amurka saboda yana taɓa hanta.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe ni ma ɗan teburin mai shayi ne. Ga ɗaya gefen labarin, kuma ya fi ɗaci. A cikin 2003 magana ta bazu a Arewa cewa maganin shan inna da a ke ɗiga wa yara a baki an gauraya shi da abin hana haihuwa, don a rage yawan Musulmi. Manyan mutane suka ɗauki zancen, har da Dokta Datti Ahmad, wanda likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Jihar Kano a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin wajen wata 11, waɗansu jihohi ma suka dakatar na ɗan lokaci. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Maganin nan shi ne aka ɗiga wa yara a Masar, da Indonesiya, da sauran ƙasashen duniya shekara da shekaru, yaran suka girma suka yi aure suka haifi nasu. Cutar kuwa ba ta jira a gama gardama ba. Ta fita daga Nijeriya ta sake kama ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, a nan gida kuma a 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ta shanye. Yawancin waɗanda suka rayu cikinsu yanzu tsararrakinmu ne. Wani yana tura keken guragu a bakin kasuwar Jimeta, ko a wata kasuwa irinta, saboda maganar da bai ma isa ya ji ba sa'ad da aka yi ta.

Ku lura fa, gari ɗaya ne, mutane ɗaya ne, tsakanin zance na farko da na biyu shekara 7 kacal. Ɗaya ya fito da tushe, ɗaya ya fito ƙarya. Sunan nan da mu ke raɗawa bai iya raba su ba, gama da shi za a kira su duka biyu. Abin da ya raba su bincike ne. Kuma wanda ya ƙi sauraron uwa a 1997 shi ya share wa mai ƙarya hanya a 2003, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Yaya aka yi rigimar shan inna ta lafa? Cewa mutane jahilai ne an yi shi har an gaji, bai buɗe ƙofar gida ko ɗaya ba. Sai da aka tura wakilai, har da malaman addini, zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya suka ga yadda a ke gwada maganin. Kano ta sayo nata daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, a watan Yuli na 2004 aka koma aiki, Gwamna da kansa ya ɗiga wa yara a bainar jama'a. Akwai kuma wata tambaya da talakawa suka daɗe suna yi, wadda a wurina ta fi duk jawaban manya ma'ana. Su kan ce, yaya in ɗana yana zazzaɓi ko ƙyanda in kai shi asibiti a ce in sayo magani, amma wannan ɗigon kaɗai a ke biyo ni da shi har ɗaka kyauta? Tambayar tana da amsa, watau duniya ce ta haɗa kuɗi don kawar da cuta ɗaya tak, kamar yadda aka kawar da agana. Amma an daɗe ba a ba su amsar ba. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da rigakafin ƙyanda, da maganin tsutsar ciki, da gidan sauro, sarakuna kuma suka shiga aikin sosai a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Duk da haka an sha wuya, har an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano a watan Fabrairu na 2013. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne, masu iko ma su kan yi amfani da wannan sanda in ta yi musu daɗi, su kan kuma juya ta. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, nan kusa da iyakarmu da Borno. Kwana biyu bayan haka kakakin soja ya ce an ceto su duka sai 8, daga baya ya janye maganar. Sa'an nan waɗansu na kusa da mulki suka riƙa cewa ba a sace kowa ba, makirci ne na 'yan adawa don a kunyata Gwamnati. Iyaye suna kuka a tsakar gida, ana ce musu wasan kwaikwayo su ke yi. Mu mutanen Yola ba mu bukatar kowa ya ba mu labarin shekarar nan, gama mun ga mutanen Mubi da Michika da Madagali sun cika mana gari da ƙullin kayansu a ka. A can Pakistan kuma, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin ciwon hanta na ƙarya a garin Abbottabad don neman Usama bin Ladan. Wanda ya faɗi haka kafin jaridu su tona, da mahaukaci za a kira shi.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce. Zai ce, Malam, in kowace jita-jita sai mun zauna mun bincika, yaushe za mu koyar da lissafi? Akwai gaskiya a maganarsa. A watan Agusta na 2014 aka tashe mutane da asuba ta waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha don tsare Ebola, har waɗansu suka kwanta asibiti, waɗansu suka rasa ransu. Irin wannan ba a yi masa zaman muhawara, sai a hana nan take. Amma ko a nan, abin da ke hanawa shi ne a gaya wa mutum abin da gishiri mai yawa ke yi wa mai hawan jini. In ka yi masa dariya kawai, zai shiga ɗaki ya sha, ya ƙi gaya maka.

Dabarar da na ke gani ta fi dacewa da malami ita ce ya riƙa yi wa zance fiɗa, ya ware nama da ƙashi. Ga misali a bakin ƙofarmu. Duk damina in Binuwai ya cika ya shiga gonakin Fufore da Girei da Demsa da Numan, za ka ji ana cewa Kamaru ce ta sakar mana ruwa da gangan don ta hallaka mu. To, mu feɗe. Akwai madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kudu da Garwa, an gama ta a 1982. Wannan gaskiya ne. Su kan buɗe ta in ta cika, kamar yadda suka yi a 2012 da 2022, ruwan kuwa ta kanmu ya ke bi. Wannan ma gaskiya ne. Cewa don mugunta su ke yi, a nan zance ya karye, gama in ba su rage ruwan ba madatsar ce za ta fashe, mutanen Garwa kuma su za ta fara ci. A 2023 ma sun aiko wa Nijeriya takardar gargaɗi kafin su buɗe. Sa'an nan ga tambayar da ta rage, wadda ta fi sauran nauyi: ina madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana cewa za a gina a ƙasar Fufore don ta tare ruwan? Manomin da aka yi wa dariya tun a jimlarsa ta farko ba zai taɓa isowa ga wannan tambaya ba, ita kuwa ita ce wadda ya kamata ya yi wa ɗan majalisarsa.

Wannan fiɗa yaro ɗan aji biyar yana iya koyonta. A kawo zancen da ke yawo a gari a rubuta a allo, a tambayi yara: wa ya gani da idonsa? Wane ɓangare ne za mu iya gwadawa, ko mu tambayi malamin asibiti ko malamin gona? In zancen ƙarya ne, wa zai ci riba? In gaskiya ne, wa zai so a yi shiru? Yaron da ya ce babansa ya hana a ɗiga wa ƙanensa magani, kada a sa aji su yi masa ihu, domin da yamma gida zai koma ya ba da labari, kashegari kuma ba za ka ga shi ko ƙanen ba. Gara malam ya ɗaura takalminsa ya je zaure ya gai da uban, ya ji dalilinsa, in ya ambaci Kano ya ce masa haka ne, an yi, ga yadda aka yi, ga kuma inda wannan ɗigon ya bambanta da wancan gwajin.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta muhawara ta sa maganar Lagdo a cikin jerin zangon nan, kafin mu watse zuwa koyarwar gwaji. A gayyato malamin labarin ƙasa ya zo da taswirar Binuwai, ɗalibanmu 'yan Fufore da Numan kuma su zo da abin da iyayensu ke faɗi, yadda su ke faɗinsa.