Sa-kai Ba Sai Da Bindiga Ba: Wa Zai Gyara Wa Yaranmu Rubutu?

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Kuma da mu nake, 'yan bokon Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, musamman masu jiran ƙarshen wata irina.

Wasu matasa da ke fafutukar tsayar da mujallar adabi ta Hausa a intanet sun yi cigiyar editoci 'yan sa-kai, wato mutanen da za su karɓi gajeren labari ko waƙa su karanta, su tace, su gyara, ba tare da an biya su ba. Manufarsu ita ce a buga rubutun waɗanda ba a cika jin muryarsu ba: matan karkara, 'yan gudun hijira, almajirai, 'ya'yan rugga, masu lalurar gani ko ta ji. Na isar da saƙon ga mutanenmu da na san sun iya. Amsar da na fi samu ita ce, "Nawa za a biya?" Wani kuma ya ce wai aikin marasa aikin yi ne. Mai wannan maganar fa kullum sai ya shafe awa uku yana musu a kan wanda zai fito takarar sanata.

A yankinmu in ka ce "ɗan sa-kai", abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne saurayi da bindigar toka da layu a damtse. Mun yarda talaka ya sa kai ya kwana a bakin daji ba albashi, har ya rasa ransa, mu ce Allah Ya jiƙan maza. Amma a ce mai digiri ya sa kai ya zauna a falonsa, ƙarƙashin fanka, ya gyara shafi biyar, sai ya zama an raina masa hankali? Haba!

Ku tuna abin da ya faru ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kafin mako ya zagayo an dawo da yara 344. Babu kafar labarai ta duniya da ba ta ambaci sunan garin ba, daga Ingila har Amurka. An ɗauki hotonsu, an ƙirga su, an yi jawabi a kansu, kowa ya watse. Yanzu waɗannan yaran sun zama samari. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da labarin tafiyar ƙafa cikin daji, da yunwa, da abin da ya gani, da yadda ya koma aji ko ya kasa komawa. To ku nuna min inda muka zaunar da ko mutum goma daga cikinsu muka ce su rubuta da Hausarsu, mu gyara musu. Duniya ta san adadinsu, ba ta san muryarsu ba. Haka matan da suka baro ƙauyukansu suka cika Faskari da Funtuwa. Haka manomin Sabuwa da sai ya biya kafin ya shiga gonarsa. A watan Satumba na 2021 ma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da ukun nan tamu, na tsawon watanni. Yadda mutane suka rayu a lokacin, yadda ake hawa mota a tafi wani gari don kawai a ce wa ɗan'uwa an yi rasuwa ko an haihu, shi kaɗai ya isa littafi.

Kada wani ya ce min ai yaranmu ba sa rubutu. Suna yi, wallahi suna yi. Ku shiga zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad ku ga yadda 'yan mata ke zuba labari babi-babi da ɗan yatsa a kan ƙaramar waya. A gasar Hikayata ta BBC Hausa ta farko, a 2016, labarin da ya zo na ɗaya sunansa "Sansani", a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Ke nan in an buɗe ƙofa akwai masu shigowa. Marubuta ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne mutum na biyu, wanda zai karanta ya ce, "Ƙanwata, nan kin yi sauri, ki tsaya ki nuna mana abin da uwar ta yi da ta ji ƙarar babura. Nan kuma kin maimaita, ki cire." Wannan mutumin shi ne edita, kuma shi ne ya ɓace.

Mu da muka yi makaranta muna ta alfahari da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kamar daga sama suka faɗo. A 1933 aka sa gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. A bayan waɗannan littattafai akwai edita, Rupert East, a ofishin talifi na Zariya. Imam yana malamin Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya zauna yana rubutawa ana dubawa ana gyarawa, har Magana Jari Ce ta fito. Shi da kansa kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Janairun 1939. Idan har mai baiwa irin ta Imam ya wuce ta hannun mai gyara, ina ga yarinyar da ta gama sakandare a Faskari a shekarun da rabin zangon karatu makaranta a rufe take?

Na san abin da za a ce: ai shi East albashi yake karɓa. Gaskiya ne. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin aikin a lokacin, daga baya NORLA ta zo ta wuce, kamfanin NNPC na Zariya ya yi zamaninsa. Da wannan inuwa ta gushe ne marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka kama buga littattafansu da kansu, kuma ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka taso ana duba wa juna aiki. An yi ta sukar wannan adabi, har aka laƙaba masa "Adabin Kasuwar Kano", kuma cikin manyan ƙorafe-ƙorafen akwai rashin tacewa da karya ƙa'idojin rubutu. Shekara talatin da wani abu muna wannan ƙorafin. Ga shi yau an ce zo ka tace, sai kowa ya noƙe. To sukar ta mece ce?

Maganar kuɗi kuwa ba na raina ta. Wanda ya gama jami'a shekara biyar ba aiki, in ya ce ba zai ƙona datarsa a kyauta ba, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kuma duk mujallar da ta fara samun tallafi ko kuɗin talla ta ci gaba da cin gumin mutane kyauta, zalunci take yi, a faɗa mata ido da ido. Dole a rubuta sunan edita a jikin aiki, a iyakance masa abin da zai ɗauka, in kuɗi sun shigo a fara da shi. Amma wannan hujja ce ta marasa albashi. Ni da kai, malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, malamin asibiti, wanda ya karanta Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Bayero ko Kwalejin Isa Kaita ta Dutsinma, mene ne uzurinmu? Albashin ba ya isa, na sani, ni ma shi nake karɓa. Amma awa biyu a ranar Asabar ba ta rage wa kowa mudun masara.

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda ya sa nake cewa lallai sai mu, ba wani daga nesa ba. Gyaran rubutun mutumin yankinmu ba gyaran wasali da ƙugiyar ƙ da ɗ ba ne kawai. Yaro zai rubuta labari da zuciya ɗaya, ya ambaci sunan ƙauyensu, ya ambaci mai unguwar da ya tara kuɗin da aka kai daji, ya siffanta wanda ake zargi da kai rahoto har ta yadda kowa a garin zai gane shi. Editan da ke zaune a Abuja ko Legas zai ga labari ya yi armashi, ya buga. Mu kuwa mun san abin da zai iya biyo baya kafin wata ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan gida ne zai ce a canza sunan garin, a mayar da mai shagon ya zama mai faci, a sakaya sunan marubucin in ta kama. Irin wannan gyara rai yake tsarewa.

Sannan akwai harshe. An saba da zarar rubutu ya je hannun mai gyara sai ya bi shi da guga, ya mayar da kowa Bakano. Tsohuwa a labari ta ce "ɗiyata", a mayar "'yata". Ta ce "shina nan", a mayar "yana nan". Ta ce "na ba shi abin shi", a gyara mata baki. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta, a bayanin marubuci a bi ƙa'ida sosai, a raba kalmomi inda ya dace, ban da jayayya a kan wannan. Amma in tsohuwar Ƙanƙara ta buɗe baki a cikin labari, a bar ta ta yi Katsinancinta. In ka ce kana neman muryar da ba a ji, sannan ka goge karin harshenta, to me ka buga? Muryarka ka buga da sunanta.

Wani abu kuma da ba ma son a faɗa. Ranar da yarinya Bafulatana za ta aiko da labarin yadda aka ƙone rugarsu, ko aka tare babanta a kasuwa bai dawo ba, alhali bai taɓa riƙe bindiga ba, akwai buƙatar editan da zai gyara mata da irin kulawar da zai yi wa ɗiyar manomin da aka kashe a gona. Ba zai yi daɗi ba. Wasu za su zage shi, su ce yana goyon bayan ɓarayi. Amma in mujalla ta ce ta marasa murya ce, sai kuma ta zaɓi marasa muryar da ke faɗin abin da muke son ji kawai, gara ta sauya suna. Ni kaina ina da 'yan'uwa da aka ɗauka aka biya kuɗin fansa, don haka ba daga kan tudu nake magana ba.

Kuma ina kira ga mata masu ilimi musamman. Akwai abubuwan da aka yi wa mata a dajin nan da yarinya ba za ta taɓa tura wa namiji ya karanta ba, ko da malaminta ne. Hajiya, Malama, in ba ku shigo ba, waɗannan labaran a cikin waya za su mutu.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: labari ɗaya a wata, shafi biyar zuwa goma, ka karanta sau biyu, ka rubuta wa mai shi abin da ka gani cikin mutunci, ba da izgili ba. Ni na ba da sunana. Wanda ya shirya ya yi min magana ta akwatin saƙo, ya faɗa min garinsu da abin da ya fi ƙwarewa a kai, labari ko waƙa, in haɗa shi da yaran. Mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma, mace da namiji, sun isa a fara kafin ƙarshen watan nan.